Zumunci A Ƙafa Yake

Akwai wata addu'a da ba ta faɗuwa daga bakinmu a sujadar safiyar Lahadi. Bayan mun yi roƙo domin marasa lafiya da matafiya da masu mulki, sai mai jagora ya ce a yi addu'a domin zaman lafiyar garinmu Kaduna, jama'a kuwa su amsa da Amin mai ƙarfi. Na fi shekara 20 ina jagorantar wannan addu'a. Amma sai a watan Fabrairu na 2023 na yi wa kaina tambayar da nake so mu duba tare a nan: wane gari nake nufi sa'ad da na ce garinmu? Mutum zai iya roƙa wa gari alheri da zuciya ɗaya, alhali kuwa rabin garin ƙafarsa ta daina takawa, zuciyarsa kuma ta riga ta yanke wa mazauna wurin hukunci?

Ga yadda tambayar ta same ni. Kowa yana tune da wahalar waɗancan makonni. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin kuwa suka yi wuyar gani. Man fetur ma ya yi ƙaranci, ga zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga wata yana ƙaratowa, gari ya cika da jita-jita. Cikin wannan hali saƙo ya iso mini da sassafe cewa wata tsohuwa, ɗaya daga cikin iyayenmu mata da suka rene ni cikin bangaskiya, tana kwance a gidanta a Kawo, jiki ya yi tsanani, tana kuma so a kawo mata Jibin Ubangiji. Motata babu ɗigon mai. Aljihuna babu ko sisi, ko da yake akwai 'yan kuɗi a asusuna da ba ni da hanyar taɓa su. Wani ɗan'uwa mai aiki a Kakuri ya rage mini hanya a babur daga Sabon Tasha har shataletalen tashar jirgin ƙasa. Na tsayar da masu keke uku, kowannensu ya ce kuɗi hannu yake so, domin ya gaji da kuɗin da ake turawa ta waya ba su shiga. Sai na rataya jakata, na ce wa kaina sannu ba ta hana zuwa, na kama hanyar gada.

Wanda ya san Kaduna ya san wannan hanya. Daga tashar jirgi mutum ya haye kogi, ya iso shataletalen filin wasa, ya miƙe titin Ahmadu Bello ya ratsa tsakiyar gari, titin ya sauya suna ya zama na Ali Akilu, ya wuce Unguwan Sarki da Unguwan Kanawa, ya dire a gadar Kawo inda hanyar Zariya take farawa. Ita ce ƙashin bayan garin. Na bi ta sau da yawa ba iyaka a mota, gilashi a rufe, ido a kan motar da ke gabana. Rabona da in taka ta da ƙafa kuwa, tun kafin shekara ta 2000.

A kan gada na tsaya na leƙa ruwa. Rani ya janye kogin, duwatsu sun fito fili, masu wanki suna shanya a kansu, masu lambu suna ban ruwa a gefe. Daga kadojin wannan kogi aka ce garin ya samo sunansa. Turawa ne suka ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan a 1917, hanyar jirgin ƙasa ta Fatakwal kuma a nan ta haɗu da wadda ta taso daga Ikko zuwa Kano. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo bayanta, sai jama'a suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa. Kusan kowa baƙo ne a Kaduna, ko ɗan baƙo. Mahaifina masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati. A gidan haya na tashi a Unguwan Kanawa, ɗaki goma rijiya ɗaya, Bahaushe da Bajju da Banufe da Bayarabe duk guga ɗaya muke ja. A lokacin kogin nan ruwa ne kawai da ake hayewa a je aiki a dawo.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu na 2000 ya zama iyaka. Rikicin da ya tashi a kan batun shari'a ya ci rayuka fiye da 1,000, ya sake tashi a watan Mayu, wani kuma ya biyo baya a Nuwamba na 2002. Ni da matata da jaririyarmu mun kwana uku a barikin soja, daga nan muka haye kudu da kayan jikinmu. Abokina da muke waƙa tare a ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya bai kai bariki ba. A daidai waɗannan kwanaki, Musulmin da ke zaune a unguwannin kudu suna gudu zuwa arewa da kayan jikinsu, waɗanda suka kashe 'yan'uwansu kuwa sunaye irin namu gare su. Wajibi ne mu riƙa faɗin wannan ɓangare na labarin a cikin masujadanmu, domin labarin da aka faɗi rabinsa ƙarya ce da ta yi ado da gaskiya. Tun daga lokacin garin ya tsage biyu, har wasu suna kiran arewacin kogi Makka, kudancinsa Urushalima.

Ina tsakiyar gada hannuna ya kai wuyana. Na zare farar kwalar nan ta fastoci, na cusa ta cikin jaka tare da gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji da Littafi Mai Tsarki. Ba wanda ya harare ni, ba wanda ya ce mini uffan. Hannun ya yi aikinsa tun kafin tunani ya iso. Na rubuta wannan da kunya, amma na rubuta shi domin na san ba ni kaɗai ba ne. Akwai 'yan'uwa mata da suke yafa gyale idan za su shiga wasu unguwanni, akwai kuma maƙwabtanmu da suke cire hula su sa a aljihu idan za su shigo namu.

Daga shataletalen filin wasa na shiga titin Ahmadu Bello. An sa masa sunan Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, wanda aka kashe a gidansa a wannan gari ranar 15 ga Janairu na 1966. Gidan shi ne yanzu ake kira Gidan Arewa, inda ake adana tarihi. Taken gwamnatin Arewa a zamaninsa shi ne aiki da ibada, titin kuwa har yau cike yake da duka biyun. Ga babbar majami'ar Katolika ta Yusufu Mai Tsarki, ga masallatai a lunguna, ga shagunan Inyamurai masu kayan lantarki, ga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da hayaniyarta, ga dogon ginin jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa makonni biyu kafin a kashe Sardauna. Duk waɗannan na san su daga cikin mota. Abin da mota ta ɓoye mini shi ne fuskoki.

A ƙofar kowane banki akwai layi da ya miƙe ya kwana. Na ga dattijo mai farin gemu zaune a kan takalminsa, carbi a hannu, kusa da shi wata mata da gicciye a wuya tana gyangyaɗi, sun zo tun asuba domin a ba kowannensu abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba. Na ga ana ture-ture, ana zage-zage, masu zagin kuma daga kowane ɓangare suke. Na ga mai tumatir yana zaɓe ruɓaɓɓu yana zubarwa, domin masu saye suna da yawa amma babu mai kuɗi a hannu. Na ga almajirai da robobinsu wayam, gama wanda bai da canji ba ya sadaka. Wata yarinya mai tallar gyaɗa tana kuka domin wani ya ba ta tsohuwar takardar da uwarta ta ce kada ta karɓa. Yunwa iri ɗaya ce a kowace fuska. A mota na saba cewa ga unguwar su wane. A ƙasa kuwa sai na ga uba da ke tunanin abin da zai kai gida, kamar yadda nake yi.

Na wuce shataletalen Leventis da na NEPA, na hango ƙubbar Zauren Lugard, inda Majalisar Arewa da Majalisar Sarakuna suka zauna a da, inda kuma Majalisar Dokokin jiha take zama yanzu. Rana ta take, sanyin hunturu ya riga ya tafi, ƙurarsa ce kawai ta rage. Maƙogwarona ya bushe ƙamas. Masu ruwan leda suna wucewa da bokitai a ka, ni kuwa ba ni da abin saye. Ina fasto, ina da albashi, ina da mota a gida, ga ni ƙishirwa ta sa ina lissafin yadda zan buɗe baki in roƙi ruwa. Ina cikin wannan tunani, a kusa da Unguwan Sarki, maɗaurin takalmina na dama ya tsinke.

A gindin wata dalbejiya akwai wani dattijo mai gyaran takalma, da akwatinsa da basilla da zare. Na ja ƙafa na isa gare shi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu kadai. Zauna, Malam, kawo in gani."

Na zauna a kan benci, na faɗa masa tun da wuri cewa babu kuɗi a jikina, sai dai in tura masa ta waya. Ya yi dariya ya ce shi ba shi da asusu, wayarsa ma ta kira ce kawai. Ya dubi leɓena, ya miƙo mini jarkarsa da moɗa ba tare da na tambaya ba. Na sha na ƙoshi. Da na buɗe jaka in ɗauko hankici, kwalar nan ta faɗo ƙasa. Ya ɗauka, ya karkaɗe ta, ya miƙo mini.

"Ashe Fasto ne. Daga ina haka a ƙasa?"

"Daga Sabon Tasha, Baba. Kawo za ni gaida mara lafiya."

Ya ɗan yi shiru, basilla tana shiga tana fita. Sa'an nan ya ce shekararsa 14 yana zaune a Sabon Tasha. Ya kwatanta mini layin, sai na ga ashe bayan masujadarmu ne, layin da nake bi kowace safiya. Ban tambaye shi dalilin tashinsa ba, shi ma bai tambaye ni komai ba. Mu duka mun san shekarar. Abin da ya tambaya guda ɗaya ne. Ya ce ya dasa mangwaro a ƙofar gidan shekarar da aka haifi babban ɗansa, ko itacen yana nan? Na ce yana nan, ya yi girma, yaran makarantar Lahadi ma ba su barin 'ya'yansa su nuna. Ya yi murmushi, ya ƙulle zare, ya ce aikin naira 200 ne, in na biyo wata rana na kawo. Na ce in ban biyo ba fa? Ya ce, "To, Allah ya biya ni. Sauka lafiya, Fasto, Allah ya ba mara lafiya sauƙi."

Daga nan har Kawo Annabi Yunana ne ya riƙe tunanina. A cikin Littafi Mai Tsarki duka, shi ne mutumin da aka aika musamman ya yi doguwar tafiya a cikin babban birni. Sura ta 3 ta littafinsa ta nuna mana cewa girman Nineba tafiyar kwana uku ne, shi kuwa ya yi tafiyar yini guda a cikinta yana shelar hukuncin da ke zuwa bayan kwana arba'in. Mu lura da kyau. Yunana ya ratsa kasuwannin Nineba, ya wuce mata a bakin rijiya da yara a ƙofar gida, amma littafin bai ambaci ko mutum ɗaya da ya gaisa da shi ba. Da ya gama, sai ya fita gabas da birnin, ya kafa rumfa, ya zauna yana jiran ya ga abin da zai same su. Ƙafarsa ta shiga birnin, zuciyarsa tana waje.

Kada wani ya ɗauka ina kwatanta maƙwabtanmu da mutanen Nineba. Zuciyar annabin nake dubawa, domin ita ce na gane a ƙirjina. Yunana yana da dalili. Assuriyawa mutane ne da suka yi suna wajen mugunta a yaƙi, su ne kuma daga baya suka rushe mulkin Isra'ila ta arewa a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Allah bai ce wa Yunana dalilinsa ƙarya ne ba. Abin da ya yi shi ne ya tsirar masa da wani tsiro ya yi masa inuwa, ya sa tsutsa ta kashe shi, sa'an nan ya nuna masa cewa yana jin zafin mutuwar tsiron da bai dasa ba, amma ba ya jin komai game da mutum fiye da 120,000 da ke cikin birnin, har da dabbobinsu. Littafin ya ƙare da tambayar Allah, ba a kuwa rubuta mana amsar Yunana ba. Ina ganin an bar wurin a buɗe ne domin kowane mai karatu ya sa tasa.

Rumfar Yunana tana da daɗin zama. Daga cikinta mutum yana hango birni gaba ɗaya kamar abu guda, ya sa masa suna guda, ya yanke masa hukunci guda. Na gane cewa motata da gilashinta rumfa ce, unguwata rumfa ce, har bagadin da nake wa'azi a kansa yana iya zama rumfa. Daga can nake addu'a domin zaman lafiyar Kaduna, abin da nake nufi a ɓoye kuwa shi ne Allah ya tsare mu daga su.

Ubangijinmu ya bi wata hanya dabam. A sura ta 4 ta Bisharar Yohanna, yana komawa Galili daga Yahudiya, ya ratsa ta Samariya, ƙasar mutanen da Yahudawa ba sa cuɗanya da su. Tafiya ta gajiyar da shi, ya zauna a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana, ba shi da guga. Kalmarsa ta farko ga matar Basamariya roƙo ce, ruwa ya nema. Mun saba gaggawar zuwa ga ruwan rai da ya yi mata alkawari, har mukan tsallake wannan. Kafin ya ba ta komai, ya yarda ya zama mai bukata a gabanta, ya yarda ya sha daga abin ɗiban ruwanta. Wannan ne ya ba matar mamaki, shi ne kuma ya buɗe zancen.

Na yi shekaru ina koyar da cewa mu yi wa maƙwabtanmu alheri, koyarwar kuwa daidai ce. Amma mai bayarwa yana iya bayarwa ya koma gida da ra'ayinsa yadda yake, har ya ƙara jin cewa ya fi wanda ya ba. Karɓa ita ce mai wuya. Sa'ad da na sha ruwan dattijon nan, na tafi da takalmin da ya ɗinka mini bashi, labarin da na riƙe shekara 23 game da mutanen arewacin kogi ya sami ɓaraka. Ba zan ƙara iya cewa duka haka suke ba tare da moɗarsa ta tsaya mini a rai ba. Doguwar tafiya a ƙasa tana yi wa mutum wannan aiki: tana gajiyar da shi, ta sa shi ƙishirwa, ta tsinka masa takalmi, har ya sauko daga matsayin mai hukunci ya zama baƙon da ke bukatar a taimake shi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Da na ɗauka ma'anarsa ita ce a riƙa ziyara. Yanzu na ƙara fahimtar cewa ƙafa ce take kai mutum inda zai bukaci ɗan'uwansa.

Na san abin da wasu za su ce, ban kuwa raina shi ba. A ikkilisiyarmu akwai gwauruwar da har yau ba ta ga gawar mijinta ba. Akwai dattijon da ya gina gida da gumin shekara 30 ya bar shi yana cin wuta. Za su ce, Fasto, ka gamu da mutumin kirki guda ɗaya, mu kuwa mun gamu da taron da ba ya tambayar suna sau biyu. Gaskiya ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya tsorata, ba kuwa zan tsaya a kan bagadi in ce wa mai tabo ya daina tunawa ba. Tashin hankalin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ya nuna mana cewa wutar tana iya sake kamawa. Ubangiji da kansa ya umarci almajiransa su haɗa wayo da tawali'u, akwai kuma lokatan da ya janye daga inda ake neman ransa.

Saboda haka wajibi ne mu rarrabe abu biyu da suke kama da juna. Akwai hankali, wanda yake cewa yau gari ba lafiya, kada ka bi can, ka dawo da yara gida da wuri. Hankali yana da rana, yana da wuri, yana kuma janyewa idan dalilinsa ya wuce. Akwai kuma tsoron da ya daɗe har ya daskare ya zama hukunci, wanda yake cewa mutanen can duka haka suke, haka kuma za su kasance. Wannan ba ya duba rana, ba ya karɓar shaida. Na farkon baiwa ce daga Allah. Na biyun kuwa zunubi ne, ko da ya samo asali daga rauni na gaske, domin yana ɗaukar mutanen da aka halitta cikin kamannin Allah ya mai da su dunƙule guda marar fuska. Alamar da mutum zai gane wanne ke mulkinsa ita ce wannan: idan aka ba shi labarin alherin da wani daga can ya yi, yana murna ne, ko yana neman hanyar da zai rage wa labarin daraja?

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu. Jaririyar da muka gudu da ita yanzu ta gama jami'a. Tsararta ba su ga abin da muka gani ba, amma mun ba su taswirarmu: nan ana zuwa, can ba a zuwa. A cikin matasan ikkilisiyata akwai waɗanda ba su taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, na tabbata kuma a hayin kogi akwai tsararsu da ba su taɓa shiga gidan Kirista ba. Mu da muka ja guga ɗaya muka iya yi wa juna abin da muka yi, to, ina ga waɗanda ba su san juna ba sai ta jita-jitar waya? Wanda bai san fuskar maƙwabcinsa ba, duk abin da aka faɗa masa a kansa zai gaskata.

Garin nan ya ga misalin wata hanya. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana da dalilin zama a rumfarsa har mutuwa. Amma sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a nan Kaduna, aikinsu kuma ya taimaka har shugabannin addini 22, rabi Kirista rabi Musulmi, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002. Ba wanda ya bar bangaskiyarsa a cikinsu. Yarjejeniyar ba ta hana rikicin Nuwamba na shekarar ba, wannan kuwa yana koya mana cewa sa hannun manya ba ya isa idan ƙafafun talakawa ba su bi baya ba.

Na isa Kawo bayan azahar, tafiyar sama da sa'a huɗu. A ƙofar gidan na tsaya na mayar da kwalata. Na tarar da Mama a kwance, wata maƙwabciyarta mai hijabi tana ba ta kunu a cokali. Matar ta gaishe ni, ta ɗauki kwanonta ta ba mu wuri. Mama ta dubi ƙurar da ke ƙafata.

"Fasto, a ƙasa ka zo?"

"A ƙasa, Mama."

"To, yau kam ka zo."

Bayan mun ci Jibin Ubangiji, na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita: me ya hana ta komawa kudu kamar sauranmu, alhali 'ya'yanta sun yi ta roƙonta? Ta ce surukar matar nan da ta fita ce ta ɓoye ta a uwar ɗakinta kwana uku a shekarar rikici, mijin kuma ya zauna a zaure ya ce babu mai shiga. "In na kwashe kayana na tafi, ɗana, me na ce musu ke nan?" Ta ce ta sha jin tsoro, akwai dararen da ba ta runtsa ba. Amma ta karanta wasiƙar da Annabi Irmiya ya aika wa kamammu a Babila, inda aka umarce su su nemi alherin garin da suke ciki su kuma yi masa addu'a, gama lafiyarsu a ɗaure take da lafiyarsa, ta ga kuwa ba a ce rabin garin ba.

Da la'asar ɗan maƙwabciyar ya ɗauko ni a babur. Muna isa shataletalen filin wasa ya tsaya, ya ce cikin ladabi, "Baba, ka yi haƙuri, iyakata ke nan. Ban cika haye gada da yamma ba." Na gode masa, na sauka. Yaron bai kai shekara 25 ba. Shi ma an ba shi taswira.

Mama ta huta cikin Ubangiji kafin Ista. A watan Afrilu na koma gindin dalbejiyar nan da naira 200 da ledar mangwaro, wanda na roƙa daga mai gidan na yanzu. Dattijon ya riƙe ɗaya a hannu ya daɗe yana jujjuya shi. Na ce ya zo ya ga itacensa, ni da kaina zan zo in ɗauke shi in kuma dawo da shi. Ya ce in Allah ya yarda. Har yau bai zo ba, ni kuwa ban daina tuna masa ba, takalman gidana duka yanzu a wurinsa ake gyara su.

'Yan'uwa ƙaunatattu, ban ce kowa ya tashi gobe ya taka daga gada zuwa Kawo ba. Amma kowannenmu, ko a Kaduna yake, ko Jos, ko Bauci, ko wani ƙaramin gari, yana da titin da ya daina bi da mutanen da ya daina gani. A rana mai lafiya, da idon rana, mutum ya ɗauki ɗansa ko 'yarsa su bi wannan titi a ƙasa. Ya yi gaisuwa, ya yi ciniki, ya tambayi hanya ko da ya san ta. In an miƙo masa ruwa ya karɓa ya sha. Sa'an nan ran Lahadi, idan aka ce a yi addu'a domin garinmu, ya kawo fuska ɗaya daga can a gaban Allah, ya roƙa mata abin da yake roƙa wa gidansa.

Ya Ubangiji Allah, kai da ka san kowane gida a kowane hayi na kogi, ka gafarta mana addu'o'in da muka yi da rabin zuciya. Ka warkar da waɗanda har yanzu raunukansu suke zafi, namu da na maƙwabtanmu. Ka ba mu hankalin da zai tsare mu a ranar hatsari, ka kuma raba mu da tsoron da ke hana mu ganin kamanninka a fuskar mutum. Ka fitar da mu daga rumfunanmu, ka bi da ƙafafunmu cikin hanyar salama, domin kada mu gadar wa 'ya'yanmu garin da ya tsage. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, wanda ya gaji da tafiya ya kuma roƙi ruwa. Amin.